Mai Ƙafa Uku: Tarihin Mamurɗin Rediyo Daga Jamus Zuwa Dakata

Idan akwai tsohuwar rediyo a gidanku, irin wadda ake murɗawa ta ce ƙas kafin murya ta fito, to ka daɗe kana taɓa na'urar da za mu tattauna a kanta yau. Sunanta a littattafan kimiyya fotanshiyomita. Masu gyaran rediyo a Sabon Gari ba ruwansu da wannan dogon suna, "bolum" kawai suke ce mata, ko da kuwa aikin da take yi a cikin injin bai shafi sauti ba. Ita ce a bayan mamurɗin amfilifayar masallacin unguwarku, ita ce a gaban injin walda na zamani, kuma ita ce mai kula da inji yake murɗawa a ƙananan masana'antun Dakata idan yana son mota ta ƙara gudu ko ta rage. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba, amma idan ta lalace tana iya tsayar da aikin mutum ashirin yini guda.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, wanda ya fara ƙirƙiro dabarar bai taɓa jin rediyo ba. Ya mutu shekaru da dama kafin a yi ta. Abin da ya dame shi awo ne.

Matsalar awo

A shekarar 1800 Alessandro Volta na Italiya ya haɗa batir na farko. A 1827 wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa da sunansa: yawan lantarkin da ke kwarara a cikin waya ya dogara ne da ƙarfin da ke tura shi, da kuma turjiyar da wayar ke yi masa. Ƙarfin turawar shi muke aunawa da bolt, kwararar da amfiya, turjiyar da om. Raba bolt da om, ka sami amfiya.

To amma a wancan zamanin babu mitar da za ka ɗora a kan batir ta faɗa maka gaskiyar ƙarfinsa. Abin da suke da shi galbanomita ce, wato allurar maganaɗisu da ke karkata idan lantarki ya bi ta wayar da aka naɗe a gefenta. Kafin allurar ta motsa sai ta sha lantarki daga batirin, kuma da zarar batir ya fara ba da lantarki ƙarfin da ake gani a bakinsa yakan sauka, domin shi kansa yana da turjiya a cikinsa. Baturan lokacin ma sun fi na yanzu saurin gajiya. Kamar dai ka aiki yaro ya auno maka madara, shi kuwa ba ya iya awo sai ya kurɓa.

Johann Christian Poggendorff, haifaffen Hamburg a 1796, shi ne editan babbar mujallar fiziks ta Jamus, Annalen der Physik, tun daga 1824 har ya rasu a 1877. A 1841 ya wallafa hanyar fita daga wannan matsala, kuma hanyar irin ta mai sikeli ce a kasuwar Kurmi: kaya a kwano ɗaya, duwatsun awo a ɗayan, ana ƙarawa ana ragewa har sandar ta tsaya cak.

Ga yadda take a siffar da ta zauna daga baya. Ka miƙe siririyar waya mai turjiya, tsawon mita ɗaya, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka haɗa bakunanta biyu da batir mai bolt 2. Tunda wayar iri ɗaya ce ko'ina, ƙarfin zai rabu daidai wa daida a tsawonta, kowace santimita ta ɗauki bolt 0.02. Yanzu ɗauko batirin da kake son aunawa. Haɗa ƙafarsa ɗaya da farkon wayar, ɗaya ƙafar ta bi ta galbanomita zuwa wani ɗan ƙarfe da za ka riƙa ja a kan wayar. A wani wuri allura za ta karkata dama, a wani ta karkata hagu, a tsakani kuma akwai wurin da ba za ta motsa ba sam. A nan ƙarfin wayar da na batirin sun yi kunnen doki, ba wanda ke tura wani, don haka ba a shan komai daga batirin da ake aunawa. Idan wurin ya faɗo a santimita 55, lissafi ya ƙare: 55 sau 0.02, bolt 1.1, wanda shi ne kusan ƙarfin batirin Daniell da aka ƙirƙiro a 1836.

Idan ka yi fiziks a sakandare, ka tuna katakon nan mai waya da ma'aunin mita a jiki, wanda ake bayarwa a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO? Shi ne wannan. Yawancinmu mun haddace shi ne don mu ci jarrabawa, ba wanda ya ce mana ɗan uwansa na cikin rediyon da ke gida.

Dabarar ta yi tsawon rai. Emil du Bois-Reymond ya gyara ta don auna ɗan ƙaramin lantarkin da ke jikin tsoka da jijiya. Latimer Clark na Ingila, injiniyan wayar tangaraho, ya kawo batir na musamman da ƙarfinsa ba ya sauyawa, wanda ya zama kamar dutsen awo. Batirin Weston na 1893, mai bolt 1.018, ya gaje shi, aka karɓe shi a matsayin ma'aunin duniya a 1911. Sunan na'urar ma daga nan ya samo asali, ma'anarsa ma'aunin ƙarfin lantarki.

Ƙafa biyu ko uku

A daidai wannan lokaci a Landan, Charles Wheatstone yana fama da wata buƙata daban: yadda zai ƙara ko ya rage turjiya ba tare da ya kwance wayoyi ba. A 1843 ya bayyana na'urar da ya kira riyostat. Gangare biyu ne, ɗaya na katako ɗaya na tagulla, waya na warwarewa daga wannan tana naɗuwa a wancan. Wadda ke kan katako lantarki sai ya bi duk tsawonta, wadda ta hau tagulla kuwa ta fita daga lissafi.

Mutane da yawa, har da wasu masu gyara, suna ɗaukar riyostat da fotanshiyomita abu ɗaya ne. Jikinsu kan zo ɗaya, aikinsu ne ya bambanta. Riyostat ƙafa biyu ake amfani da su, a sa ta a kan hanyar lantarki ta shaƙe shi, kamar yadda mai lambu ke toshe rabin bakin kwalbati. Duk ƙarfin da ta hana wucewa zafi yake zama a jikinta. Shi ya sa tsofaffin regiletocin fanka, manyan nan masu huji-huji, suke ɗaukar zafi idan ka sa fanka a lamba ɗaya: iskar ta ragu, amma wani kaso na wutar da kake biya yana ƙonewa a bango.

Fotanshiyomita ƙafa uku ce. Idan ka fasa ɗaya za ka ga wani zobe da bai haɗe ba, mai kama da kofaton doki, an shafe shi da baƙin kabon. Ƙafafun gefe biyu suna manne da bakunan zoben. Ta tsakiya kuwa tana haɗe da wani ɗan harshen ƙarfe da ke goga zoben idan ka murɗa. Wayar Poggendorff ce aka lanƙwasa aka sa a gwangwani.

Ɗauki Dutsen Dala a matsayin misali. Tsawonsa daga ƙasa zuwa sama ba ya sauyawa, amma kai mai hawa kana iya tsayawa a kowane mataki, kuma nisanka da ƙasa ya dogara da inda ka tsaya. Zoben shi ne dutsen, harshen shi ne kai. A ce zoben om 10,000 ne, an sa masa bolt 10 a ƙafafun gefe. Idan harshen ya yi kwatan tafiya daga ƙasa, akwai om 2,500 a ƙarƙashinsa, 7,500 a samansa, ƙafar tsakiya za ta ba da bolt 2.5. A tsakiya bolt 5, a ƙarshe 10. Lantarkin da ke bin zoben kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya, ko ɗumi ba za ka ji ba.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne tsohuwar matsalar kurɓar madara ta dawo. Lissafin yana tsayawa ne muddin abin da ka haɗa da ƙafar tsakiya ba ya shan lantarki sosai. Bar harshen a tsakiya, ka rataya masa wani abu mai turjiyar om 10,000. Rabin ƙasa na zoben, mai om 5,000, da wannan sabon kaya za su haɗu su zama kamar om 3,333, sai bolt 5 ɗin ya koma 4. Idan kuwa ƙwan fitila ko ƙaramar mota ka haɗa kai tsaye, kusan duk tafiyar ba za ka ga komai ba, sai dab da ƙarshe lantarki mai yawa ya bi ta ɗan guntun kabon da ya rage ya ƙone shi. Ɗalibai masu aikin kammala karatu suna ƙona fotanshiyomita ta wannan hanya duk shekara. Ita umarni take bayarwa, ɗaukar kaya aikin wasu ne.

Yadda ta shigo Kano

Rediyo ce ta fitar da na'urar daga ɗakin gwaji ta kai ta hannun kowa. A rediyoyin farkon shekarun 1920 ana rage sauti ne da riyostat mai rage wutar da ke gasa fitilun cikin akwatin. Daga baya aka koma ga hanya mafi sauƙi: a zuba siginar sautin a ƙafafun gefe, a ɗebi iya abin da ake so daga ƙafar tsakiya, a miƙa wa amfilifaya.

A Kano an fara ne da rediyo mai waya a 1944, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar da ke tura shirye-shirye ta waya zuwa lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwa da gidajen masu biyan haya. Mai sauraro ba shi da zaɓin tasha. Abin ya sauya bayan an ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, aka fara sayar da rediyon aljihu a 1954, kamfanonin Japan suka cika kasuwannin duniya da masu arha masu aiki da batir. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Manomi a gona, Bafulatani a ruga, mai shayi a bakin titi, kowa da akwatinsa. Ina ganin babu wata na'urar lantarki da yatsun Hausawa suka taɓa a ƙarni na 20 kamar wannan ɗan mamurɗin, tunda ya kai ƙauyukan da har yau turken wuta bai je ba.

A nan ne kuma aka ci karo da halin kunnen ɗan Adam. Tun 1860 Gustav Fechner ya bayyana cewa gaɓoɓin ji ba sa auna abu da ƙari, da ninki suke aunawa. Kafin ka ji sauti ya ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfinsa kusan sau goma. Idan zoben kabon ɗin daidai yake ko'ina, da ka ɗan murɗa sai rediyo ta ɓarke da ƙara, sauran tafiyar kuma ba ka jin wani bambanci. Don haka masu ƙera na sauti suke shafa kabon ɗin ba daidai ba, ta yadda a tsakiyar tafiya kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai ke fita.

Wannan shi ne sirrin haruffan da ke bayanta. A kayan Asiya da suka cika kasuwarmu, B10K na nufin om 10,000 mai tafiya daidai, A50K kuma om 50,000 mai lanƙwasar sauti. Wasu tsofaffin kayan Turai sun juya haruffan, don haka a tsohon inji mita ce abin dogaro. Idan mai gyara ya sa B a gurbin A, amfilifayar masallaci za ta yi aiki, amma ladan zai yi ta fama da ita tsakanin raɗa da kururuwa.

A cikin masana'anta

Bompai ce babbar yaya a unguwannin masana'antun Kano, Sharaɗa da Challawa suka bunƙasa bayanta, musamman da kuɗin man fetur na shekarun 1970: masaƙu, majemu, matatun man gyaɗa, kamfanonin roba. Da yawa daga cikin manyan sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta da kwararowar yadin waje. Ƙananan masana'antu irin na Dakata, masu niƙa da masu narkar da roba da masu ƙanƙara, su ne suka ci gaba da motsi, galibi da injunan hannu na biyu.

Inji mai ƙarfin doki hamsin ba a shaƙe shi da turjiya. Tun 1891 Harry Ward Leonard ya nuna mafita: ka sarrafa ɗan ƙaramin lantarki, shi kuma ya sarrafa babba. A yau akwatin da ake kira inbata ko diraif ne ke wannan aikin, yana sauya saurin kaɗawar wutar da ke shiga mota. Akwatin yana fitar da bolt 10, a ba fotanshiyomita, ƙafar tsakiya ta dawo masa da amsa. Yadda aka fi saita shi, bolt 10 na nufin kaɗawa 50 a daƙiƙa, wato cikakken gudu, kusan juyi 1,500 a minti ga motar da aka fi samu. Bolt 5 na nufin rabi. A injunan da ke naɗe yadi ko leda akwai wani hannu mai lilo da kayan ke bi ta kansa, an ɗaura fotanshiyomita a gindinsa. Idan leda ta yi tauri hannun ya ɗaga, motar ta sassauta. Idan ta saki ya sauka, motar ta ƙara. Ba mai murɗawa, injin ne ke murɗa wa kansa.

Yanzu lura da wannan, domin a nan hatsarin yake. Idan wayar ƙafar sama ta tsinke, ƙafar tsakiya za ta koma sifili, inji ya tsaya. Asara ce ta lokaci kawai. Amma idan ta ƙasa ce ta tsinke, babu abin da ke jan harshen ƙasa, sai ya haura kusa da bolt 10 ko a ina mamurɗin yake. Mota za ta tashi da cikakken gudu alhali mai aiki ya san a hankali ya bar ta, wataƙila ma hannunsa na kusa da bel. Waya ɗaya ce da ɓera ya ci ko girgiza ta kwance. Saboda irin wannan ne ba a amincewa da mamurɗi a matsayin makashin inji, kuma manyan masana'antu suka fi son aika umarni mai nisa da kwarara ta miliamfiya 4 zuwa 20, inda sifili ke nufin waya ta tsinke.

Na biyu shi ne janareta, wanda a Kano ba sai an gabatar da shi ba. A cikin manyan janaretoci akwai allon da ke daidaita ƙarfin wuta, a jikinsa akwai 'yan ƙananan fotanshiyomita da ake juyawa da sukudireba. Irin waɗannan kamfanin Bourns na Amurka ya fito da su a 1952 da sunan Trimpot, don a saita su sau ɗaya a bar su. Ɗaya na ƙarfin wuta, ɗaya na hana ta rawa. Wanda ya juya na farkon da ka, ba mita a hannu, don ya ga fitila ta ƙara haske, yana iya tura abin da ya wuce bolt 230 zuwa kowane firji da ke layin. Sau da yawa ma matsalar daga gudun injin take, ba daga allon ba.

Inda ake buƙatar saiti mai kyau sosai, mamurɗin da ke juya digiri 270 zuwa 300 ya yi kaɗan. Arnold Beckman, wanda ya ƙera mitar auna tsami a shekarun 1930, ya naɗe wayar kamar sifirin, ta yadda sai ka juya sau goma kafin ka kai ƙarshe. Ya kira ta Helipot, kuma masu haɗa rada a Yaƙin Duniya na Biyu suka yi rububinta. Har yau za ka ga irinta a wasu injunan roba, da ɗan agogon ƙirga juyi a fuska.

Ƙura da gugar yau da gobe

Rauninta a bayyane yake: ƙarfe ne ke goga kabon. Masu ƙera na arha sukan rubuta cewa za ta jure juyi 10,000 zuwa 15,000. Idan ana murɗa ta sau goma a rana, shekara huɗu ke nan. Ƙara mata ƙurar hunturu, ko garin masara a wurin niƙa, sai kwanan ya ragu. Ƙarar ƙwar-ƙwar da kake ji idan ka murɗa tsohuwar rediyo harshen ne ke tsalle a kan datti, yana rabuwa da zoben yana dawowa. A inji, wannan tsallen shi ne mota ta riƙa fizga.

Gwajin ba shi da wuya. Kashe wuta, cire wayoyinta, sa mita a ƙafafun gefe: ya kamata ka ga lambar da aka rubuta, ko da bambancin kashi 20 cikin 100, kuma kada ta sauya idan ka murɗa. Sannan ka koma tsakiya da gefe ɗaya, ka juya a hankali. Lamba ta hau sumul. Idan ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, nan ne kabon ya cinye. Ƙura ce kawai, feshin wanke mahaɗar lantarki zai iya. Bakin mai ko kananzir da wasu ke ɗigawa yana kashe ƙarar na 'yan kwanaki, daga nan ya tara ƙura ya zama laka.

Wannan raunin ne ke korar ta a hankali. Wayarka ba ta da ita, maɓallan sauti lamba kawai suke aika wa kwakwalwar wayar. Masu gidan gem sun san ciwon hannun PlayStation da ɗan wasa ke tafiya shi kaɗai ba a taɓa ba: fotanshiyomita biyu ne a ƙarƙashin kowane sanda suka goge. Totur na babur mai lantarki da na motoci da yawa na yanzu ya koma maganaɗisu, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879, inda babu abin da ke goga wani. Ma'aunin mai a tankin yawancin motoci da babura dai har yanzu tsohuwar dabarar ce, kumfa mai iyo da harshe a kan turjiya.

Akwai kuma mai kama da ita da ke ruɗar masu saye a kasuwa. Mamurɗin rediyon mota na zamani, da na wasu sababbin inbatoci, yana juyawa ba iyaka, yana ƙas-ƙas a hankali. Wannan enkoda ce, ƙirga taku take yi tana aika wa kwamfuta, kuma sau da yawa ita ma ƙafa uku ne a gabanta, girmansu ɗaya. Kafin ka biya, murɗa ta hagu har ƙarshe, sannan dama. Idan ta tsaya a duka ɓangarorin, fotanshiyomita ce. Idan ta yi ta zagayawa, mayar wa mai shago, ko ka sa ta a gurbin waccan injin ba zai amsa ba.